Ranar da Madam Za Ta Yi Ƙwai

Assalamu alaikum, mutanen gidan nan. Kullum sai in ji ana cewa matan dā ba su da baki, abin da aka ɗora musu shi suke ɗauka. Duk mai faɗin haka bai zauna da kakata Lubabatu ba. Ga labarinta da bakinta, yadda ta ba ni shi ina tsefe mata kai.

*

Bari in fara da laifina, don kada ku gano shi da kanku ku ce na ɓoye. Wata biyu cur na yi ina yaudarar gidanmu, kuma ban buɗe baki na yi ƙarya ko ɗaya ba. Shiru kawai na yi.

Lokacin gwamnan Nasara bai tattara ya koma Yamai ba, yana nan Damagaram. Ni kuma ina gidan mahaifina Malam Suma'ila a cikin Birni, bazawara, shekarata ashirin da ɗaya. Mijina na fari zazzaɓi ya ɗauke shi, na yi takaba na fita, na dawo ɗakin da aka haife ni. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, don haka gidan a hannun Gwaggo Talatu yake, yayar Malam, wadda in ta yi gyaran murya har kaji sai su natsu.

Sana'ata kiwon kaji da zabi. Ran Alhamis in ɗauki kwandon ƙwai in tafi kasuwa. Kusa da inda nake zama akwai wani Tahiru, mai lambu daga Mirriya, yana kasa albasa da barkono. Dogo ne, baƙi, rigarsa ta saƙi ta koɗe a kafaɗa. Wata shida muna maƙwabtaka, abin da ya fi faɗa mini shi ne, “Rana ta iso wajenki, matso nan.” Sai ya janye jakinsa ya bar mini inuwar. Ku da kuke da wayar hannu za ku raina wannan. Ni kuwa duk mako da ita nake kwana.

Amma bai ce komai ba. Ko gaisuwa bai taɓa aikowa gidanmu ba.

Wanda ya yi magana shi ne Bukar, kukun kumandan, Nasaran da ke riƙe da garin. Shi kam maganarsa tana shiga gida kafin ƙafarsa. Farar riga mai maɓallai har wuya, jar dara a karkace, takalmi mai ƙara, da mushuwar, ƙyallen share gumi, a aljihu wanda yake fito da shi ko ba gumi. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Yana da kyauta, yana da dariya. Kawai dai in ya zauna a zaure sai in ji kamar an rage wa zauren iska.

Wata Juma'a da hantsi sai ga Inna Indo, dillaliyar unguwarmu, ta shigo tana haki, bayanta wani ɗan dako da babban kwando a ka. Inna Indo ita ce wayarmu a zamanin: ta kai saƙo, ta kawo amsa, ta ƙara nata gishiri a hanya.

“Talatu, fito ki ga abin da ba a taɓa kawowa gidan malami ba! In ji Bukar, toshin Luba ne. Matar kumandan ce ta ba shi kado, wato kyauta, shi kuma ya ce bai ga wadda ta dace da su ba sai ɗiyarku.”

Aka buɗe kwando. Tsuntsaye biyu suka fito, farare tas, kowane ya kai ɗan akuya. Kajina suka watse. Ɗaya ya tsaya tsakar gida ya kumbura, ya baza wutsiya kamar mahuci, fuka-fukansa suna jan ƙasa, wata tsoka ja ta zazzago masa daga goshi har ƙasan baki, ya saki murya: gulu-gulu-gulu! Ɗayan ya raɓe jikin rumbu, kai a ƙasa, ko motsi.

“Talotalo ke nan,” in ji Inna Indo. “Wancan mai fankamar Mushe, wato maigida a bakin Faransa, mai kunyar kuma Madam. Haka Bukar ya ce a riƙa kiransu.”

Gwaggo ta dafe ƙirji. “Allahu akbar. Dubi kunya! Luba, kin ga tsuntsuwa ta fi ki tarbiyya.”

Tun daga ranar gidanmu ya zama wurin kallo. Mata suna shigowa da sunan aron turmi, su tsaya su zuba ido. Kowa da iliminsa, alhali babu wadda ta taɓa ganin talotalo sai ranar. Wata ta ce burodi kaɗai suke ci. Wata ta ce ƙwansu ɗaya yana ƙosar da mutum uku. Gwaggo ta yanke hukunci cewa fari shi ne asali, tunda Nasara ba ya ajiye abin banza.

Ni dai abin da idona ya gani daban. Suna cin hatsin da zai ishi kaji goma. Rana na ɗagawa sai su buɗe baki suna haki, sai na kafa musu rumfar zana na riƙa yayyafa ruwa a ƙasa. Ga fara tana tsalle a gabansu, ba za su bi ta ba, sai dai a kawo musu a ƙwarya.

Rana ta uku na kama Madam zan duba mata ƙwarƙwata, yadda nake wa kajina. Na sa hannu cikin gashin ƙirjinta sai na ji wani abu mai tauri. Na buɗa. Wani ɗan tsiro ne baƙi kamar bakin tsintsiya, irin wanda ke reto a ƙirjin Mushe, sai dai nata bai gama fitowa ba. Na juya ƙafar. Ga ƙumba a baya irin ta zakara.

Na zauna a kan turmi na daɗe ina kallonta. Na yi kiwon zakaru, na san yadda ƙarami yake yi in babba yana wuri: ya haɗiye cararsa, ya bi gefen katanga, har ka rantse kaza ce. Madam ba kunya take ji ba. Tsoro take ji. Kuma ba “take” ba ce ma.

A daidai wannan lokacin Gwaggo ta fito da carbi a hannu.

“To, uwar kaji. Mutum ya kawo abin arziki, kwana uku ba amsa. Malam ba zai matsa miki ba, don shi komai sai ya ce littafi ya ce bazawara ita ke zaɓe. Ni ba littafi ba ce. Yaushe za a ce wa Bukar ya turo?”

Na dubi Gwaggo, na dubi Madam. Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni a kan turmin.

“Gwaggo, ni mai kiwo ce, ba na yabon tsuntsu sai na ga amfaninsa. Ranar da Madam ta yi ƙwai, ranar zan ba da amsa.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan.”

“Malam! Ka ji da kunnenka, ka zama shaida!”

Daga zaure Baba ya ce ya ji. Ni kuwa a raina na ce, Tahiru, na sayo maka lokaci har tashin duniya, saura kai.

Inna Indo ta kai, ta dawo da amsa kafin la'asar. “In ji Bukar, wannan sharaɗi mai sauƙi ne. Ya ce talotalon Faransa ba ya saɓa alkawari. Ya ce a gaishe ki da bonjur.”

“Ki ce ina amsawa da lafiya lau.”

Daga nan Gwaggo ta ɗauki Madam ta mai da ita amarya. Ta sa aka gyara akurki, ta shimfiɗa ƙaiƙayi mai laushi da hannunta. Ta jiƙa mata kanwa. Ta daka mata gero da ƙashin kifi. Kullum da asuba, ko alwala ba ta gama bushewa ba, sai ta durƙusa ta zura hannu cikin akurki ta fito da shi wayam. Mako na uku ta je ta tsaya bakin zaure.

“Malam, ba za ka yi mata ɗan rubutu ba?”

“Wa?”

“Madam mana.”

Baba ya ce, “Yaya, shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa yi wa tsuntsu ba. Ki bar ni in ƙarasa da mutuncina.”

Na shige ɗaki na cusa bakin zanena a baki. Kada ku ce ban ji tausayinta ba. Na ji. Amma dariyar ta fi ƙarfi.

Alhamis ta zagayo. Na ɗaura zanena baƙi mai shuni, na sa tozali, na zuba mundaye biyu, na ce wa kaina don kasuwa na yi. Tahiru ya janye jakinsa kamar kullum. Muna zaune har rana ta take, sannan ya ce, idonsa a kan albasa:

“An ce kin yi baƙi farare.”

“An faɗa maka daidai.”

“Na san su. Ni nake kai ganyen salati gidan kumandan.”

Na jira ya ƙara. Sai ya juya yana auna wa wata mata barkono. Wallahi ranar da ina da ƙarfi da na kifa masa kwandon ƙwai a ka.

Kwana biyu bayan haka Inna Indo ta shigo da ɗan kwando a hammata, tana taɓe baki.

“Wannan kuma daga mai albasar Mirriya. Ya ce ba toshi ba ne, kada a yi masa fassara. Kiwo ya ba ki, in ta hayayyafa ku raba.”

Ta zazzage kwandon. Wata 'yar talotalo ce baƙa, siririya, ba ta fi babban zakara ba, wuyanta kamar an yi mata aski da wuƙa marar kaifi. Daga Kano ya samo irinsu, shekarar da ya je cin rani.

Gwaggo ta kalle ta sama da ƙasa. “Wannan angulu ce ta yi rashin lafiya?”

Inna Indo ta matso kusa da kunnena. “Akwai sauran saƙo, ni ban gane kansa ba. Ya ce ba ta da namiji, amma ya ji an ce kina da har biyu.”

Ashe ya sani. Tun ranar farko ya sani, ya kuma san abin da nake yi, ya bar ni ina yi.

“Me zan ce masa?”

“Ki ce ta iso lafiya.”

“Ku dai yaran nan, saƙonku ba ya ƙosar da mai kai shi.”

Baƙar ba ta nemi rumfa ba, ba ta nemi ƙwarya ba. Kafin azahar ta tsince fara da ƙwarin da ke bayan rumbu, ta tone gidan gara, ta sha ruwa tare da zabi, da yamma ta haye kan katanga ta kwanta. Hatsin da nake watsa wa kaji shi take tsinta, bai ma dame ta ba. Na riƙa kallon su uku ina lissafi irin na mai kiwo. Farare ga nama, ga kyan gani, in don a yanka wa Nasara ranar Nowel, Kirsimetinsu, ne babu kamarsu. Amma gidan da ke auna gero da tiya, wanda rana ke dukansa wata tara, baƙar ce tasa. Na kuma lura da wani abu: Mushe ya daina yi wa kajina fankama, ya koma yi wa baƙar. Ita ma ba ta gudu ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne ƙaiƙayin Gwaggo. Duk gidan babu wuri mai laushi da duhu kamar akurkin Madam.

Wata Litinin da sassafe ina wanke ƙore sai na ji guɗa ta tsaga gidan. Na fito da gudu. Ga Gwaggo a durƙushe, ɗankwali ya zame, ta ɗaga hannu sama. A tafinta ƙwai ne babba, mai ɗigo-ɗigon ja.

“Ta yi! Madam ta yi! Indo! A kira mini Indo!”

Na dubi katanga. Baƙar tana can tana gyara gashinta kamar ba ita ba.

Jama'a, ranar na san abin da ake kira tarko. In na yi shiru, na ba da alkawari gaban shaida, kuma duk Birni ta san amsar da ake jira. In na yi magana, sai na faɗi tun yaushe na sani. Kuma sai an tambaye ni wa nake jira, mutumin da ko sannu bai taɓa aikowa da sunan neman aure ba. Bazawara ta kira sunan namiji da bakinta, shi bai nema ba? Har jikokina sai an ba su labari.

Bayan la'asar Bukar ya iso da ƙullin goro, takalminsa yana ƙara tun daga bakin lungu. Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma a filin da ke bayan zaure. Gwaggo ta sha zanenta na zuwa suna, ƙwan yana gabanta cikin faifai. Inna Indo ta samu gefe ta zauna, don ba a yin irin wannan babu ita. Aka kira ni. Na durƙusa, na ja mayafi.

“Lubabatu,” in ji Baba, “kin ce ranar da ta yi ƙwai. Ga ƙwai.”

“Baba, a ba ni izini in nuna wani abu tukuna.”

“Nuna.”

Na koro fararen biyu zuwa filin. Na rungumi Mushe, nauyinsa kamar buhu, na kai shi can ɗakin girki na rufe. Na dawo na durƙusa. Madam ta tsaya ita kaɗai a tsakiya, kai a ƙasa.

Ba abin da ya faru.

“Me muke kallo?” in ji Gwaggo.

Madam ta tsinci wani abu a ƙasa, ta yar. Bukar ya fito da mushuwar. A raina na ce, ya Allah, ko dai ni ce ban iya duba ƙirji ba?

Sai ga baƙar ta diro daga katanga. Ta ratsa filin a hankali, ta wuce ta gaban Madam, ko kallo ba ta yi mata ba.

Madam ta ɗaga kai. Ta duba dama, ta duba hagu, babu Mushe. Wuyan ya fara yin ja. Tsokar goshin ta zazzago. Gashin ya tashi, wutsiya ta baje, fuka-fukai suka sauka ƙasa suna shara, ƙirji ya turo gaba da ɗan gemunsa tsaye. Gulu-gulu-gulu-gulu!

Daga ɗakin girki Mushe ya amsa da fushi.

Inna Indo ce ta fara faɗuwa kan tabarma don dariya. Baba ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Gwaggo ta dubi ƙwan, ta dubi Madam, ta dubi baƙar.

“Bukar,” in ji Baba da ya samu murya, “kai da kake cikinsu kullum?”

Bukar ya cire dara ya sosa kai. Sai shi ma ya fashe da dariya, har da buga cinya. “Allah gafarta Malam, ni a fige na san su! In an fige an sa a tanda, wa ke tambayar Mushe ko Madam? Na ga ɗaya yana surutu ɗaya yana shiru, na ce to, ga miji ga mata.”

Gwaggo ba ta yi dariya ba. “Ke. Tun yaushe kika sani?”

Na sunkuyar da kai. “Kwana uku da zuwansu, Gwaggo.”

“Kwana uku! Wata biyu kina kallona ina jiƙa wa ƙato kanwa! Har rubutu na je nema masa!”

“Ki yafe mini.”

“Ban yafe ba. Sai na huta tukuna.”

Baba ya gyara zama, dariyar ta bar fuskarsa. “Lubabatu, ba wanda ya isa ya zaɓa miki, kin sani. Kin wahalar da yayata, kin sa bawan Allah yana jiran abin da ba zai zo ba. Wannan ba daidai ba ne. Yanzu ki faɗa da bakinki, a gabansa.”

Na juya wajen Bukar, ban ɗaga ido ba. “Ka yi haƙuri, na zalunce ka. Tsuntsayenka ba su da laifi, kai ma ba ka da shi. Gidan da ya dace da su daban ne.” Sai na juya wajen Baba. “Baba, baƙar zan riƙe.”

“Mai baƙar ya san ana riƙe masa?” in ji Baba.

Na ji idon Gwaggo a kan wuyana, na ji kunya tana hawa tun daga tafin ƙafata.

Sai Inna Indo ta tashi zaune tana share hawaye. “Af! Ni da nake ta dariya, ashe akwai ajiya a wurina. Ranar da ya ba ni ita ya ce in riƙe wata magana, kada in fitar sai ranarta. Ya ce shi mai lambu ne, ba ya shuka sai ya ga ƙasa ta karɓi ruwa. In baƙar ta yi ƙwai a gidan, kuma ba a koro ta ba, a gaya masa, kawunsa zai zo ya ga Malam.”

“Inna! Wata guda kina riƙe da wannan?”

“Ke wata biyu kika riƙe naki, wa ya tuhume ki?”

Bukar ya miƙe ya mai da dararsa. Ya tura ƙullin goron gaban Baba, ya ce a ci albarka, ba ya komawa da goro. Mushe zai ɗauka, don Nowel ta kusa. “Wannan kuwa,” ya nuna Madam da har yanzu ke zagaye baƙar, “ku riƙe shi. In na mai da Madam mai gemu bariki, har in mutu ba za a daina yi mini dariya ba. Ki ce wa mai albasa ya kawo mini salati mai kyau, ya ci bashina.”

Gwaggo ta ɗauki faifan ƙwan ta shige ciki, tana cewa ita ba ruwanta, ko kawun wa zai zo ba za ta fito ba, mutanen Mirriya ma ba su iya gaisuwa ba. Da na leƙa daga baya, na same ta durƙushe tana mai da ƙwan cikin ƙaiƙayi a hankali, tana ce wa baƙar, “Shiga mana, mummuna. In ya fito fari, nawa ne.”

Ran Alhamis ban je kasuwa ba. Da hantsi na ji kukan jaki a ƙofar gida, jakin da na san muryarsa. Gwaggo, wadda ta rantse ba za ta fito ba, ta leƙo daga ɗaki tana tambayar wa ya ɗauke mata zanenta na zuwa suna. Wata tsohuwar murya ta yi sallama a zaure.

Kafin Baba ya amsa, Madam ya riga shi.